Falon da Ya Cika da Kaya, da Idon da Bai Ƙoshi da Barci Ba

 

Babu limamin unguwar da bai san tazarar da ke tsakanin sahun Magariba da sahun Asuba ba. Masallacin da ke tumbatsa har waje da faɗuwar rana, shi ne da ƙyar ake haɗa sahu biyu a cikinsa da ketowar alfijir. Mun saba ɗora laifin a kan raunin imani, kuma akwai gaskiya a hakan. Sai dai idan aka tambayi yawancin waɗanda ba a gani ba, amsarsu kalma biyu ce: na makara. Ita kuwa makara tun daren jiya ake ƙulla ta, kuma a mafi yawan gidajen birni akwai ɗaki guda da ake ƙulla ta a cikinsa, wato falo.

A tsarin gidan Bahaushe na dauri, kowace hidima da mazauninta. Baƙo namiji iyakarsa zaure, a nan maigida yake hira, a nan malami yake karantarwa. Wanda ya fi kusa ya wuce shigifa. Tsakar gida ta mata ce da yara, girki da wanki da tatsuniya duk a nan. Maigida yana da turakarsa, kowace mata da ɗakinta. Idan hira ta yi tsawo a zaure, ba ta hana yaron da ke ɗakin mahaifiyarsa barci. Yau kuwa magidanci ya kama hayar ciki da falo, ko gida mai ɗakuna biyu, sai aka tattaro aikin zaure da na shigifa da na tsakar gida aka jibge wa falo. A nan ake tarbar baƙo, a nan ake cin abinci, a nan yara suke aikin makaranta, a nan uwargida take salla, kuma idan dare ya yi a nan ake shimfiɗa wa yara maza. Ɗakin da aka ɗora wa wannan nauyi ya fi kowane ɗaki bukatar fili, amma shi ne ya fi kowane ɗaki cunkoso.

Mu dubi abin da ke cikinsa da idon baƙo. Saitin kujeru da aka saya daidai da burin iyayen amarya, ba a auna faɗin ɗakin ba. Teburin tsakiya da kowa yake bugun ƙauri da shi. Kabet ɗin gilashi cike da tangaran da ba a taɓa zuba miya a ciki ba tun ranar jere. Labule ninki biyu ko uku. Sai kuma abin da shekaru suka tara a hankali: robobi da kofuna da jakunkuna na rabon biki, kalandar shekarar da ta wuce da ta wadda ta gabace ta, fankar da ta mutu ana jiran ranar kai ta gyara, tsohuwar talabijin a ƙarƙashin sabuwa, kwalin firij da aka ajiye don ranar tashi, igiyoyin caji da babu wanda ya san wayar da suka dace da ita. Iyayenmu ma sun yi jeren ƙore, daga baya aka koma tasoshi da kwalla har rufin ɗaki, don haka son jere ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Bambancin shi ne jeren da can yana jikin bango a ɗakin matar, bai tare wa kowa wurin sujada ba.

Ba mu zo haramta ado ba. Muslim ya ruwaito daga Ibn Mas'ud (RA) cewa da wani ya tambaya ko son kyakkyawar riga da kyakkyawan takalmi girman kai ne, Annabi (SAW) ya nuna masa ba haka ba ne, domin Allah Yana son kyau. Aya ta 32 a Suratul A'araf ma ta yi inkari ga mai haramta adon da Allah Ya fitar wa bayinSa. Amma ayar da ta gabace ta, ta 31, ita ce ta hana almubazzaranci, kuma ba a banza suka zo a jere ba. A Sahihu Muslim akwai hadisin Jabir (RA) da ya lissafa shimfiɗun gida: ta miji, ta matarsa, ta baƙo, sannan ya jingina ta huɗu ga Shaiɗan. Imam Nawawi ya yi bayanin cewa abin nufi shi ne duk abin da ya wuce bukata, aka ajiye shi don alfahari da nuna isa. Ba ƙidayar katifu ake yi ba, don mai 'ya'ya goma ba zai wadatu da shimfiɗa uku ba. Ma'auni ake ba mu: wannan abu wa yake yi wa aiki? Idan amsar ita ce babu kowa sai idon masu zuwa ganin ɗaki, to mun san layin da ya faɗa.

Ibn Hibban ya ruwaito daga Sa'ad bin Abi Waƙƙas (RA) cewa yalwataccen gida yana cikin abubuwa huɗu na jin daɗin rayuwa. Abin mamaki a nan shi ne mutum ya biya kuɗin haya mai tsada don ya sami wannan yalwa, sannan ya miƙa rabinta kyauta ga kwalaye da matattun na'urori, shi da 'ya'yansa su takure a sauran.

Duk ɗalibin hadisi ya san ranar da Umar (RA) ya shiga wurin Annabi (SAW) ya tarar da shi kwance a kan tabarma har ta yi masa zane a jiki, ya waiga bai ga komai a ɗakin ba sai ɗan sha'ir da ganyen jima da fatu a rataye, har ya yi kuka. Mukan kawo wannan ƙissa don mu sa jama'a hawaye, amma akwai wasu biyu da suka fi kusa da maganar falo. Bukhari ya ruwaito daga Anas (RA) cewa Nana A'isha (RA) ta rataya wani labule mai zane a gefen ɗakinta, Annabi (SAW) ya ce ta kawar da shi domin zanen yana gilma masa a cikin salla. A wani hadisin kuma ya yi salla da wani mayafi mai ado, da ya idar ya ce a mayar wa Abu Jahm, a karɓo masa wani mara ado, saboda ya ɗauke masa hankali. Wannan shi ne mafi cikar halitta a khushu'i. To yaya uwargidan da take tayar da kabbara tsakanin kujera da tebur, gabanta hotunan biki, gefenta talabijin tana magana?

Sahabi Itban bin Malik (RA), da ganinsa ya yi rauni kuma ruwan kwari yana hana shi zuwa masallacin mutanensa, ya roƙi Annabi (SAW) ya zo ya yi salla a wani wuri a gidansa don ya riƙe shi wurin salla, kuma ya je. Daga nan malamai suka ɗauki halaccin keɓe wurin salla a gida. Hadisin Zaid bin Sabit (RA) ma ya nuna nafilar mutum ta fi falala a gidansa. Saboda haka ga gwajin da muke ba kowane magidanci: idan ruwan sama ya tsare ku da Isha'i, za ka iya jan iyalinka salla a falonka ba tare da an ɗaga wani abu mai nauyi ba? Idan sai an kira samari biyu sun ciccibi tebur, kayan sun fi ƙarfin ɗakin.

Akwai kuma ɓangaren lafiya, wanda ba sai mun tsawaita ba. Ƙurar hunturu a cikin labule mai kauri da ƙarƙashin kafet take kwana, mai asma shi ya san kuɗinta. Sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro idan ya sha jini yakan laɓe a lungu mai duhu, a bayan kabet da cikin tufafin da aka rataya. Tarin kwalaye kuma gidan ɓera ne, ɓera kuwa shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsarinsa da kashinsa a kan abinci. An fara gano cutar a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, kuma ta fi tashi da rani.

Kafin a fara fitar da kaya

A nan ne muke son mu daɗe, domin mun sha ganin gyaran da ya zama ɓarna. Maigida ya ji wa'azi ya dawo da zafinsa, ya fara jidar kaya zuwa waje, kafin La'asar gida ya kama da wuta. Dalili kuwa shi ne ya manta kayan ba nasa ba ne. A al'adarmu iyayen amarya ne suke yin kayan ɗaki, kuma abin da aka ba mace mallakarta ne. Miji ba shi da ikon sayar da shi ko kyautar da shi sai da yardarta, yarda ta gaskiya, ba wadda aka karɓa da ɗaure fuska ba. Wannan tangaran da kake gani tarkace ne, wataƙila mahaifiyarta ta shekara tana zubin adashi kafin ta saya, wataƙila kuma mahaifiyar ta riga mu gidan gaskiya. Sai a zauna a yi shawara. Kuma hikima ita ce maigida ya fara da nasa tarkacen: tsoffin jaridu, takardun aikin da aka gama tun tuni, rediyon da ta daina magana. Idan gidan mata biyu ne masu falo ɗaya, kada a rage kayan ɗaya a bar na ɗaya.

Na biyu, kayan mamaci. Sau da yawa ana rasuwa sai wani babba a gida ya ce a kwashe tufafinsa da littattafansa a yi masa sadaka. Niyya mai kyau ce, amma daga lokacin da rai ya fita kayan sun zama na magada, bayan an yi masa sutura, an biya bashi, an zartar da wasiyya. Ba a sadaka da su sai kowane magaji baligi ya yarda, kuma rabon maraya ƙarami babu mai ikon yafe shi a madadinsa. Kishiyar wannan ma tana faruwa: a kulle kayan a akwati a kusurwar falo shekara goma ba a raba ba, asu yana ci, masu haƙƙi suna bukata. Duka biyun zalunci ne, ko da an yi shi da sunan ƙauna.

Na uku, ajiyar mutane. Ɗan'uwa ya tashi zuwa wani gari ya bar maka keken ɗinki da buhun littattafai. Amana ce. A kira shi a ba shi lokaci ya zo ya ɗauka, ko ya faɗi yadda za a yi da su.

Na huɗu, takardun da ke ɗauke da ayoyi ko sunan Allah: tsoffin kalandu, katin ɗaurin aure mai Bismillah, littattafan Islamiyya da suka yayyage, Alƙur'anin da ya tsufa har ba ya karantuwa. Waɗannan ba a haɗa su da shara, ba a kuma ba mai ƙosai ta naɗe kaya da su. A ƙone su a wuri mai tsarki, ko a binne su inda ba a takawa. Hujjar ƙonawa ita ce abin da Khalifa Usman (RA) ya yi da sauran rubuce-rubucen Alƙur'ani bayan an haɗa mus'hafi guda, kamar yadda Bukhari ya kawo. Wanda kuma yake karantuwa, makarantar allo ko Islamiyyar unguwa ta fi kabet ɗinka bukatarsa.

Sauran kaya kuwa lamarinsu da sauƙi. Ƙasarmu tana da hunturu da bazara da damina da kaka, shekara kuma tana da azumi da salla biyu. Abin da duk waɗannan suka wuce ba a neme shi ba, da wuya a neme shi baɗi. Mai amfani a ba wanda zai amfana: amaryar da iyayenta ba su da hali, maƙwabcin da gobara ko ambaliya ta taɓa, ɗalibin da ya kama ɗaki. Amma a tuna aya ta 267 a Suratul Baƙara ta hana mutum ya zaɓo lalataccen da shi kansa ba zai karɓa ba ya ce sadaka ce. Fankar da ta ƙone ba sadaka ba ce, a sayar wa 'yan jari bola, in ya so a yi sadaka da kuɗin. Kada kuma a ce sai an gama a yini ɗaya. Lungu guda a rana ya isa, kuma a sa yara a ciki, kowa ya san inda allonsa da jakarsa da takalminsa suke kwana.

Inda falo yake cin barci

A lura da yadda aka jera kujerun yawancin falukanmu: dukkansu wuri ɗaya suke fuskanta. Wanda ya zauna ba ya ganin fuskar ɗan'uwansa sai ya juya wuya. Tsarin da kansa yana gaya wa mai shigowa abin da aka taru a yi. Kuma wannan na'ura ba ta san dare ya yi ba. Manyan wasannin ƙwallon Turai na tsakiyar mako suna farawa da ƙarfe 8 ko 9 na dare agogon Najeriya da Nijar, a tashi wajen 10 ko 11, sannan a buɗe sharhi. Yaron da makwancinsa shi ne falon nan yana zaune yana gyangyaɗi, yana jiran manya su tashi ya shimfiɗa tabarma.

Lissafin ba shi da wuya. A Kano da garuruwan da ke kewayenta alfijir yana ketowa wajen ƙarfe 5, ya ɗan yi gaba ko baya gwargwadon lokacin shekara. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fitar da matsaya a 2015 cewa baligi yana bukatar awa 7 ko fiye a kowane dare, a 2016 kuma ta ce yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar awa 9 zuwa 12, matashi ɗan 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Wanda zai tashi ƙarfe 5 ke nan ya kamata ƙarfe 10 ta same shi a kwance, yaron firamare kuwa tun bayan Isha'i. Wanda ya kai 12 yana kallo, sannan ya shiga ɗaki da waya a hannu, ya ce zai sami sahun farko, yana son tauna taura biyu ne. Ƙari a kan haka, haske mai ƙarfi da dare yana jinkirta fitar sinadarin melatonin da ke shirya jiki ga barci, kuma kafeyin da ke cikin shayi da kofi da goro yakan ɗauki wajen awa 5 kafin rabinsa ya bar jini. Mai shan shayi mai kauri da ƙarfe 9 kada ya yi mamaki idan ya kwanta ido ya ƙi rufuwa.

Shari'a ta riga likitoci. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Barza (RA) cewa Annabi (SAW) ba ya son barci kafin Isha'i, ba ya kuma son hira bayanta. Wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani a zaure zai tuna an kawo wannan karhanci a babin lokutan salla, aka togace hirar da ke da dalili. Bukhari ma ya ƙulla babi a kan hirar dare don ilimi, da wani a kan hira da baƙo da iyali, don haka ba a rufe ƙofar gaba ɗaya ba. Abin da aka ƙi shi ne hirar da ba ta da amfani ta cinye daren har ta cinye Asuba. Hadisin Jabir (RA) da ya yi umarni a kashe fitilu, a rufe ƙofofi, a rufe ƙorai idan za a kwanta, yana koya mana cewa gida yana da lokacin rufewa. Fitilar wancan zamani ana tsoron ɓera ya ja lagwaninta ya tayar da gobara. Tamu gobarar yau ta fi fitowa daga soket ɗin da aka cusa wa caji biyar a bayan labule, da na'urar dumama ruwa da aka manta a kunne aka ɗauke wuta, aka dawo da ita cikin dare.

Kada mai ibada ya ɗauka maganar ba ta shafe shi ba. Da Salmanul Farisi (RA) ya kwana a gidan Abud Darda'i (RA), ya hana shi tsayuwar dare har sai ƙarshensa, ya tuna masa cewa Ubangijinsa da jikinsa da iyalinsa kowa yana da haƙƙi a kansa, kuma Annabi (SAW) ya gaskata Salman. Ya sa an kwance igiyar da Zainab (RA) ta ɗaura a masallaci tana riƙewa idan ta gaji da tsayuwa. Ya kuma umarci mai gyangyaɗi a salla ya je ya kwanta, kada ya zo neman gafara ya ɓuge da yi wa kansa mugun baki. Idan an ce wa mai nafila ya je ya yi barci, me za a ce wa ɗalibin da ke kwana a zaune daren jarrabawa? Binciken masana ya tabbatar cewa a cikin barci ne ƙwaƙwalwa take daidaita abin da aka koya da rana. Mahaddatan Alƙur'ani sun daɗe da sanin cewa allon da aka biya kafin kwanciya, aka maimaita shi da Asuba, ya fi zama.

Ƙailula ma mun yar da ita. Aya ta 58 a Suratun Nur ta ambaci lokuta uku da yara da masu hidima za su nemi izini kafin su shiga wa manya: kafin sallar Asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe tufafi, da bayan Isha'i. Ke nan Alƙur'ani ya ɗauki hutun tsakar rana a matsayin abin da gidan Musulmi ya saba da shi. Sahl bin Sa'ad (RA) ya ce ranar Juma'a sai bayan salla suke ƙailula da cin abinci, wanda ke nuna al'adarsu ce ta kullum. Minti 20 zuwa 30 sun wadatar. Wanda ya zarce har La'asar ya ci bashin barcin darensa.

Wadda aka fi zalunta a wannan babi ita ce uwargida. Ita ce ƙarshen kwanciya, domin sai baƙi sun tafi ta kwashe kwanuka ta gyara wa yara wuri. Ita ce farkon tashi, domin abin kari da shirin makaranta. Idan an kawo wuta ƙarfe 1 na dare ita ce za ta tashi guga da tara ruwa. Kuma kowane ƙarin kaya a falo ƙarin abin gogewa ne a wuyanta. Nana Faɗima (RA) ta kai kukan abin da dutsen niƙa ya yi wa hannunta, mahaifinta (SAW) ya koya mata ita da Aliyu (RA) tasbihi 33 da tahmidi 33 da kabbara 34 idan za su kwanta. Mazaje suna son kawo wannan hadisi, kuma gaskiya ne. Sai dai su haɗa shi da shaidar Nana A'isha (RA) cewa a cikin gida yana cikin hidimar iyalinsa ne har a kira salla. Kwashe kofunan shayin da kai da abokanka kuka sha ba zai rage maka rawani ba.

Saura baƙon da ba ya tashi. Bahaushe yana jin nauyin baƙo, kuma girmama shi alamar imani ce. Amma ranar walimar auren Zainab bint Jahsh (RA), bayan an ci an watse, wasu mutane kaɗan suka zauna suna ta hira a ɗakin. Annabi (SAW) ya yi kamar zai miƙe ba su gane ba, ya fita ya zagaya ɗakunan matansa ya dawo, kunya ta hana shi cewa su tafi. A kan haka aya ta 53 a Suratul Ahzab ta sauka, ta umarci wanda aka gayyata ya watse idan ya ci, kada ya zauna jin daɗin zance. Wancan ɗaki shi ne wurin cin abincin, shi ne kuma makwancin amarya, kamar dai falon mai ciki da falo a yau. Idan ka ziyarci irin wannan gida bayan Isha'i ka ga tabarma a naɗe a bayan kujera, ka ga yaro ya jingina da bango yana lumshe ido, a kan makwancinsa kake zaune. Maigida kuma ba laifi ba ne ya ce wa amininsa yara suna da makaranta gobe, mu ƙarasa a ƙofar gida, ko mu haɗu bayan Asuba.